Yadda Ake Gane Ƙwarin da Ke Cin Fulawa a Gida da Yadda Ake Maganinsu

Wata safiya cikin Fabrairu maƙwabciyarmu ta aiko jikanta, wai in zo in ga abin da ya sami fulawarta. Na tarar da ita tsaye a kan tukwanen ros guda huɗu, ganyen duk ya koɗe ya yi toka-toka, wani ya bushe ya zube. Ta ce, "Malam, sau uku ke nan ina sa yaron nan ya yi mata feshi, abin sai gaba yake yi." Na ce, "Hajiya, da wane magani?" Aka ɗauko kwalbar, sai na ga maganin tsutsa ne, irin wanda ake fesa wa wake. Na tsinko ganye ɗaya na karkaɗe shi a kan farar takarda. Sai ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo jajaye kamar garin barkono suna rarrafe. Babu tsutsa ko ɗaya a jikin shukar. Maganin da ake ta fesawa bai taɓa waɗannan 'yan halittu ba, maƙiyansu ya kashe, su kuma suka samu sarari suka baje.

Wannan kuskuren na fi gani a gidajen Kano, ni ma na jima ina yin sa. Da ganye ya canza kama sai a wuce Sabon Gari a ce wa mai shago, "A ba ni maganin ƙwari mai ƙarfi." Mai shago bai ga shukar ba, abin da ya fi fita a kantarsa zai miƙo. Alhali bakin ƙwari ba iri ɗaya ba ne, kuma kowane baki da irin tabon da yake bari. Wanda ya iya karanta tabon ya san ɓarawonsa, sau da yawa ma zai ga ba sai ya sayi komai ba.

Fara da dubawa

Lokacin duba shuka biyu ne. Na farko da sassafe, an dawo daga masallaci gari ya ɗan yi haske, lokacin ƙwari ba su da kuzari. Na biyu bayan isha'i da tocila, saboda akwai masu cin dare waɗanda da rana sai dai ka ga ɓarnarsu. Riƙe farar takarda da wayarka. Kyamarar waya in ka matso da ita ka ƙara girman hoton tana nuna abin da ido ke tsallakewa.

Kada ka tsaya daga nesa kana kallon saman ganye. Tsuguna ka juya shi, bayan ganye ne gidansu. Dubi sabon toho, dubi ƙullin furen da bai buɗe ba, dubi lungun da ganye ya haɗu da reshe. Shafa ganyen da yatsa ka ji ko yana danƙo. In ka ga 'yan ƙwallaye baƙaƙe kamar ƙwayar gero a ƙasan tukunya, kashin tsutsa ne, ita kuma tana sama da wurin daidai. In kiyashi ko tururuwa na hawa da sauka a jikin kara, bi su da ido, inda suka tsaya nan matsalar take.

Daga nan sai ka raba abin da ka gani. Ko dai an ci ganyen an bar huji, ko babu huji amma ya nannaɗe ya koɗe yana danƙo, ko kuma shukar gaba ɗaya ta yi yaushi alhali ƙasarta da laima. Na farko aikin masu tauna ne, na biyu na masu tsotsa, na uku kuwa a ƙarƙashin ƙasa za ka nemi mai laifi.

Masu tsotsa, su ne manyan abokan gaba

A cikin birni, inda fulawa ke zaune a tukunya tsakanin katanga da katanga iska ba ta ratsawa sosai, masu tsotsa sun fi kowa ɓarna.

Darɓa dai manoman dawa da gyaɗa sun san ta. 'Yan ƙwari ne masu taushin jiki, ba su wuce ƙwayar riɗi ba, wasu kore, wasu baƙi, wasu rawaya. Akwai masu ce musu ƙwarƙwatar ganye. Cunkushewa suke a kan toho da ƙullin fure, ganye ya nannaɗe, fure ya ƙi buɗewa. Rawayen su za ka gani a jikin kariya da oliyanda da tumfafiya. Abin da ke sa su cika wuri cikin 'yan kwanaki shi ne macen ba ta jiran namiji, 'ya'ya take haifa kai tsaye, su ma cikin mako guda zuwa kwana 10 sun fara haihuwa. Suna shan ruwan shuka fiye da buƙatarsu, sai su fitar da ragowar, wani ruwa mai zaƙi da danƙo. A kansa ne baƙar fumfuna ke tsirowa har ganye ya koma kamar an shafa masa kunkunniya. Baƙin nan ba ya cin ganye, rana yake tare masa, kuma jiƙaƙƙen tsumma na goge shi. Saboda zaƙin nan ne tururuwa ke kiwon darɓa kamar yadda Bafulatani ke kiwon shanu don nono: tana gadinta, tana korar masu cin ta, har ɗaukar ta take ta kai sabon reshe. Wanda ya kashe darɓa ya bar tururuwa, ya saurari dawowarta.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne farin ƙwaron nan da nake ce wa auduga, don da farko za ka rantse guntun auduga ne iska ta liƙa a lungun reshe. Yana son haibiskos, 'yar'uwar zoɓo da kuɓewa, yana son iksora da firanjifani, kuma in akwai gwanda a gidan daga can yakan sauko. Farin da ke jikinsa kaki ne, ruwa ba ya zama a kai, shi ya sa feshi ke silalewa ya bar shi da ransa. Kada a rikita shi da farar fumfunar da ke fitowa a ganyen ros da sanyi. Murza abin tsakanin yatsu: in ruwa ya fito, rawaya ko ja-ja, ƙwaro ne, in gari kawai ya bi hannunka, cuta ce, maganin ƙwari ba zai yi mata komai ba.

Farin ƙuda gane shi ba wuya. Girgiza shukar, za ka ga farin abu ya tashi kamar ƙura ya sake sauka. 'Ya'yansa na liƙe a bayan ganye kamar ɓawon kifi, su ne ke tsotsar. Illarsa ta wuce tsotsa, don yana ɗaukar cuta daga shuka zuwa shuka; shi ne ke yaɗa cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir da wadda ke sa ganyen rogo dabbare-dabbare.

Na gidan Hajiya kuwa ba ma ƙwari ba ne a lissafin masana, dangin gizo-gizo ne da kaska, ƙafarsu takwas. Zafi da bushewa da ƙura suke so, don haka daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, Fabrairu zuwa Mayu, lokacinsu ne. A zafin Afrilu da ke haura maki 40, cikin kamar mako guda ƙwai ya zama uwa. Alamar farko 'yan ɗigo ne farare a saman ganye kamar an tsattsaga shi da bakin allura. Daga baya ganyen ya yi ruwan ƙasa, sannan wata siririyar yana ta bayyana tsakanin rassa. In har ka ga yanar, abin ya yi nisa.

Akwai wasu biyu da ake yawan tsallakewa. Ɗaya yana liƙe a jikin kara kamar ƙuraje masu ruwan ƙasa, ba ya motsi, sai ka ɗauka jikin itacen ne. Sa farce ka ɓantare. In ya fita ya bar danshi, ƙwaro ne mai rai. Ɗayan siriri ne kamar guntun zare, cikin furen yake shiga, dangin waɗanda ke zubar wa manoma furen wake. In gefen furen ros ya yi kamar an babbaka, ko ƙulli ya buɗe a karkace, buga furen a kan takarda ka ga masu gudu.

Masu tauna da na ƙarƙashin ƙasa

Waɗannan ɓarnarsu ta fi tayar da hankali a ido, amma sun fi sauƙin kamawa. Tsutsa da damina take yawa. Akwai wata ƙatuwa koriya, kaurin yatsa, mai tabo biyu kamar idanu kusa da kai, tana cin binka da kariya da oliyanda. Guda ɗaya na iya tsige ƙaramar shuka cikin dare biyu. Wata kuma nannaɗe ganyen haibiskos take kamar tabarma ta ɗinke da zare ta zauna ciki, feshi ba ya isa gare ta, matse ganyen ake yi. Fara tana shigowa da kaka, in ciyawar waje ta bushe gidanka kaɗai ke da kore, tana yagar gefen ganye ba tsari. Hangara, baƙin ƙwaron nan mai zanen ja ko rawaya, furen kansa take ci ta bar ganye. Ita kada ka kama ta da hannu, ruwan jikinta na tayar da bororo. Kaɗa ta cikin bokitin ruwan sabulu. Sauran duk tsince su da hannu da sassafe ka watsa wa kaji, muddin ba ka riga ka yi feshi ba.

In ka ga an yanke gefen ganyen ros zagaye sumul kamar da almakashi, ƙyale. Wata 'yar ƙudan zuma ce ke ɗiba tana shimfiɗa wa 'ya'yanta ɗaki, ba ta kashe shuka. In kuma farin zane ne mai karkace-karkace a cikin ganye kamar rubutun yaron da bai fara makaranta ba, tsutsa ce ke tafiya tsakanin fatar ganyen ta sama da ta ƙasa, salon ci irin na tsutsar sharon da ta gama da tumatirin Kadawa da Kura a 2016. A fulawa abin bai kai can ba. Tsinke ganyen da ya kamu ya isa.

Shukar da ta yi yaushi alhali an ba ta ruwa, kife tukunyar a tafin hannu ka zaro ta da ƙasarta. Gara tana shiga ta hujin gindin tukunyar da aka ajiye kan ƙasa kai tsaye, takan kuma yi wa kara rufin laka. Busasshen itace da takin da bai ruɓe ba ke jawo ta, kuma ta fi afka wa shukar da ƙishi ya riga ya galabaitar. Ɗora tukwane kan bulo, ka kwashe itatuwan da aka jibge kusa. Gwazarma cikin ɗanyen takin dabbobi take zuwa, fara, a lanƙwashe. Wata taki kawai take ci, wata har saiwa, don haka tsince duka. Kafin ka zuba taki, baza shi a rana kaji su tone shi. In kuwa saiwar ce ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani. Wannan ba shi da magani a gida. Cire shukar, ka jiƙa ƙasar ka ɗaure a farar leda, ka bar ta a ranar bazara mako 4 zuwa 6 zafi ya dafa ta.

Ba kowace rawaya ce aikin ƙwaro ba. Sabon ganyen iksora in ya yi rawaya jijiyoyinsa suka tsaya kore, sinadarin ƙarfe ne ba ta samu, galibi saboda toka ko siminti ko ruwa mai kanwa-kanwa. Ganyen ƙasa da ke rawaya yana zubewa, duba ko hujin tukunya ya toshe. Ruwan wanki da ake watsa wa fulawa don tattalin ruwa yana ƙona ta. Wanda kuma aka gutsure wa kai tsaf har kara, a binciki akuyar gidan.

Magani, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani

Abu na farko, raba mai ciwo da masu lafiya. Janye tukunyar gefe inda ganyenta ba ya taɓa na wata. Yanke reshen da ya fi kamuwa, kada ka ji tausayi, fulawa na sake toho. Abin da ka yanke kada ka yar a gindin shuka, ƙulle shi a leda. Oliyanda dai kada a ƙona ta, hayaƙinta guba ne, kuma bayan taɓa ƙaron kariya ko nata a wanke hannu kafin a kai ido ko baki.

Na biyu ruwa ne zalla, kuma mutane sun raina shi. Toshe bakin tiyo da babban yatsa ruwan ya fito da ƙarfi, ka bi bayan ganye daga ƙasa zuwa sama. Darɓar da ta faɗo yawancinta ba ta komawa. Wanda ke sayen ruwa wajen 'yan garuwa ba sai ya ɓarnatar da jarka ba: huda murfin gorar ruwa da allura ka riƙa matsawa, ko in tukunyar ƙarama ce ka rufe ƙasar da leda ka kife shukar cikin bokiti ka jujjuya. A yi haka duk bayan kwana 2 ko 3. Ros ɗin Hajiya da wannan muka fara, muna wanke ƙurar hunturu daga bayan ganye da safe, muka haɗa da sabulu. Uku sun farfaɗo cikin wata guda, ta huɗun sai da muka datse ta kusa da gindi.

Ƙwaron auduga da mai kamar ƙuraje sai an sa hannu. Sami sifirit na kemis, tsoma audugar gaske ko tsinken goge kunne, ka dangwala wa kowane ɗaya. Sifirit na narkar da kakin. Na jikin kara, tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu. Aiki ne na zaman haƙuri, ni da rediyo a gefe nake yin sa.

Na uku sabulu. Cokalin shayi 1 zuwa 2 na sabulun ruwa na wanke-wanke a lita 1 ta ruwa, ko guntun sabulun salo kamar ƙwallon dabino a narkar a tace. Ban da garin wanki, ban da duk abin da ke da bilic, suna ƙona ganye. Sabulu abin da ya taɓa yana jiƙe kawai yake kashewa, da ya bushe aikinsa ya ƙare, don haka dole ya jiƙa jikin ƙwaron sharkaf. Gwada a ganye biyu-uku ka jira kwana 2 kafin ka bi shukar duka. Yi da la'asar sakaliya, da safe ka ɗauraye. Feshin tsakar rana a Kano, ko na mene ne, soya ganye yake.

Na huɗu darbejiya, ga ta a kowane layi tana zubar da magani muna sharewa. Ƙarfinta a ƙwallo yake. Tara 'ya'yan da suka nuna suka faɗo, waɗanda jemagu suka tsotse suka yar ma sun rage maka aiki. Wanke, ka shanya a inuwa su bushe sosai. Fasa ɓawon ka sheƙe, ka zubar da duk ƙwayar da ta yi fumfuna. Daka a turmin da ba na abinci ba, in ba haka ba uwargida za ta yi wata tana tuna maka ɗacin. Giram 50 na garin, kamar tafi biyu marasa cika, a lita 1. Ƙulla a tsumma, jiƙa da magariba ya kwana, washegari ka matse sosai, ka sake tacewa da ƙyalle mai laushi don kada ya toshe bakin abin feshi, ka ɗiga rabin cokalin sabulu. Ranar za a yi amfani da shi, da yamma, saboda rana na kashe ƙarfinsa. In man darbejiya ka samu, cokalin shayi 1 da ɗan sabulu a lita 1 ta ruwa mai ɗumi, kana yi kana girgizawa. Ganyen ma yana yi, amma bai kai ƙwallo ba.

A nan ne mutane ke karaya. Darbejiya ba ta zubar da ƙwaro nan take. Hana shi ci take, ta hana shi saɓa, ya kasa girma ya mutu a hankali. Washegari za ka gan su zaune ka ce aikin banza. Jira kwana 3 zuwa 5. Kuma ko sabulu ko darbejiya, feshi ɗaya ba ya gamawa, don ƙwai na nan zai ƙyanƙyashe. Maimaita duk bayan kwana 5 zuwa 7, aƙalla sau uku. Jiƙon barkono da tafarnuwa da ake yawan yabawa, a gwajina kora yake na ɗan lokaci, bai kai darbejiya ba, kuma in iska ta juyo da shi idonka ne zai ba da labari.

Tururuwa kuma a bi ta har gidanta. In ramin ya yi nesa da saiwa, tafasasshen ruwa. In shukar mai kara ɗaya ce, naɗa salatif a jikin karan ka shafa basilin a kan salatif ɗin, ba a kan ɓawon ba. Farin ƙuda rawaya ke jan sa: yanko gefen tsohuwar jarka rawaya, shafa mata basilin, ka rataye daidai tsayin shukar.

In ta kai ga maganin kanti

Wani lokacin sai an je. Idan ka yi zagaye uku abin bai ja baya ba, ko shinge ne dogo da hannu ba zai iya ba, tafi da ganyen a leda ko hotonsa. Malaman gona na KNARDA, hukumar raya noma da karkara ta Jihar Kano, ma ana iya nuna musu. Ga tsutsa da fara, abin da masu shago ke kira lamda ko saifa, ko emamektin in tsutsa ce kaɗai. Ga 'yan jajayen gidan Hajiya, abamektin. Lamda da saifa ƙara su suke. Ga darɓa da auduga da farin ƙuda, imidakulofirid ko asetamifirid, masu shiga cikin jikin shuka. Sai dai imidakulofirid na bin ruwan shuka har cikin fure ya cutar da ƙudan zuma, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a fili tun 2018. Ni ba na sa shi ga shukar da ke cikin fure, kuma kowane magani ne ba na fesa wa buɗaɗɗen fure.

Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Dubi zanen launi a gindin takardar: ja ya fi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Mai ja ba shi da gurbi a tsakar gidan da yara ke wasa. Wanda aka ɗura a kwalbar da ba takarda, bar shi a inda ka gan shi. Fiya-fiya da Sniper ba na fulawar gida ba ne. Tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni saboda rayukan da aka rasa.

An ce ido ba mudu ba ya san ƙima, amma ban da nan. Sayi sirinji ka auna. Yawancin takardun da injin feshi na goyo mai lita 16 ko 20 suke lissafi, sai ka raba: in an ce mililita 32 a lita 16, kai mai lita 1 mililita 2 za ka sa. "Bari in ƙara murfi ɗaya ya fi ci" ita ce hanyar neman gira a rasa ido. Sa takunkumi da safar hannu da riga mai dogon hannu, iska ta kasance a bayanka. A kwashe shanya, a rufe randa da rijiya, a kulle kaji, a shigar da yara ɗaki. In akwai zogale ko ganyen miya kusa, kada feshin ya kai gare su. Kwalbar da ta ƙare a huda ta don kada wani ya zuba mai ko ruwa. In tsautsayi ya sa wani ya sha, asibiti kai tsaye tare da kwalbar, ban da ɗura manja ko madara, ban da sa shi amai. Kuma kada ka nace wa magani ɗaya kullum, ƙwari na sabawa da shi.

Abin feshinka ya zama na fulawa kaɗai. Wata shekara na ari injin goyo wajen wani abokina manomi don in yi wa shingen ƙofar gida maganin farin ƙuda. Na ɗauraye sau ɗaya na ɗauka ya fita. Ashe maganin ciyawa ya fesa da shi a gona. Kwana uku shingen da na yi shekara biyu ina raino ya koma kamar an bi shi da wuta, gyaran gangar Auzinawa sosai. Farin ƙudan kuwa ya koma kan haibiskos ya ci gaba da harkarsa.

Kafin ka ɗaga abin feshi, duba ko akwai masu yi maka aikin kyauta. Ɗan ƙwaron nan mai zagayayyen baya, ja da ɗigon baƙi, darɓa ce abincinsa, ɗansa ma da ke kama da ɗan mitsitsin kada ya fi shi ci. Ƙoƙi-ƙoƙi da ƙadangare da gizo-gizo duk naka ne, haka zanzaro mai jan tsutsa zuwa ɗakinsa na laka. In a cikin darɓa ka ga wasu sun kumbura sun bushe sun yi ruwan ƙasa, wasu da ɗan huji a baya, wata 'yar rina ce ta yi ƙwai a cikinsu. Dakata mako guda ka gani. Ba ƙaramin abu ba ne. Lokacin da wani nau'in ƙwaron audugar nan ya nemi gamawa da rogon Afirka, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ba da feshi ta shawo kansa ba, wata 'yar rina aka kawo daga Kudancin Amurka aka fara saki a 1981, kuma Hans Herren da ya jagoranci aikin ya karɓi Kyautar Abinci ta Duniya a 1995 saboda shi.

Yawan takin zamani, musamman yuriya, na sa toho ya fito lallausa cike da ruwa, abin da darɓa ke nema ke nan, rage hannu. Cunkusa tukwane wuri guda ma gada ce gare su, bar tazarar da iska za ta wuce.

Yawancin ƙwarin gidana da kuɗina na sayo su. Wani dattijo da nake sayen fulawa wajensa a bakin titi a Nassarawa ya taɓa ganina ina zaɓen wadda ta fi fure, ya ce, "Alhaji, furen kake kallo? Juya ganyen." Na ce, "Baba, ai kayanka ne, kai za ka kushe?" Ya ce, "Gara ka gani a nan da ka dawo mini da ita gobe." Tun daga ranar kafin in biya sai na juya ganye biyar-shida, na leƙa lungun rassa, na ɗaga ledar na dubi gindinta ko akwai tururuwa ko farin abu a jikin saiwa. In na kawo gida, bayan ɗakin girki take zama ita kaɗai mako biyu, ina duba ta da safe, na kuma yi mata wankan sabulu sau ɗaya kafin ta shiga cikin sauran. Wadda sabon ganyenta ya fito dabbare-dabbare a murɗe alhali babu ƙwaro a jikinta, wannan cutar da farin ƙuda ko darɓa ke ɗauka ce ta riga ta shige ta, kuma ba ta warkewa. Ita da ledarta nake ƙullewa in kai bola.